Farin da ke Idon Kurciya

Alhamis, 6 ga Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ke da Baban Kurciya da ita kanta sarauniyar gidan. Na iso lafiya, sai dai bayana bai yafe wa hanyarku ba har yau. Awa bakwai a bayan motar kamfanin fasa dutse, ina zaune a kan tsohuwar taya! Inna tana gaishe ku. Ƙafar ta ɗan yi sauƙi, jiya har bakin ƙofa ta taka da sanda.

Na kira ki sau huɗu, kullum sai a ce ba a samun ki. Ba zan sa ki hawa tudun tankin ruwa neman sabis saboda ni ba, shi ya sa na koma biro da takarda. Direban kamfanin ya ce duk Alhamis yana shigowa gari ɗaukar kaya, ya koma Juma'a, kuma zai riƙa kai mana saƙo.

Ga hotuna goma sha biyu a cikin ambulan. Ki duba su da kyau kafin ki sake yi wa kyamarata dariya kina kiran ta tukunya mai igiya. Kin tambaye ni abin da ya raba ta da wayar hannu, ban samu na yi miki bayani ba saboda Kurciya na ta jan madaurinta. To ga shi. Farantin da ke karɓar haske a cikinta babba ne, girmansa ɗaya da fim ɗin da masu hoto na zamanin da suke sakawa, shi ya sa ko a ɗaki mai taga ɗaya irin naku take ganin abin da waya ba ta gani. Gilasanta uku ne, tare na saye su a hannun wani da ya bar sana'ar: mai lamba talatin da biyar, mai hamsin, da mai tamanin da biyar. Babu wanda ake murɗawa ya zuƙo abu a cikinsu. In ina son kusa, ni zan taka in matsa. In ina son nesa, in ja da baya. Dalili ke nan kika gan ni, malamin lissafi guda, ina rarrafe a tsakar ɗakinki har na kifar da bokitin wanki.

Wanda na fi so shi ne na bakin taga, inda take rungume da takalmin aikin babanta. Da mai tamanin da biyar na ɗauka, na buɗe bakinsa har ƙarshe, sai duk abin da ke bayanta ya narke, igiyar shanya da tankin da dutsen, ita kaɗai ta fito tar. A kwamfuta ina iya ƙirga gashin idonta ɗaya bayan ɗaya.

Akwai guda uku da ban aiko ba, waɗanda na ɗauka da fitilar kyamara a gefen gado ranar da hadari ya rufe gari. Sun lalace. Kin san yadda fitila ke sa ƙwayar ido ta yi ja a hoto. To a nan ido ɗaya ya yi ja, ɗayan kuma, na hagu, ya yi fari kamar na mage in mota ta haske ta. Ina zargin gilashin ne, tsohon hannu ne, wataƙila da wani lahani a ciki da mutumin ya ɓoye min. Amma in kin samu sarari ki sa a duba mata idon hagun, don hankalina ya kwanta. Kada ki ɗauke shi wani abu.

Ƙaninki,
Dogo

Laraba, 12 ga Yuni

Dogo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Muna nan lafiya ƙalau, sai ƙarar nakiyar da ka sani, wadda ke sa kwanuka rawa a kan kanta. Ka gaishe min da Inna, ka ce 'yarta ta ce ta rage taurin kai ta riƙa shan maganin ƙafar nan.

Hotuna kam na janye dariyata. Baban Kurciya ya ɗauki na bakin tagar ya tafi da shi wurin aiki, ya dawo da shi da shatin yatsun mutum ashirin. Matan layinmu sun yi ta zuwa kallo, ɗaya ta rantse ba a ɗakin nan aka ɗauka ba, wai ina tsagar bangon ta tafi? Ita kuwa mai hoton sai sumbatar takardar take tana cewa, "Ni ce! Ni ce!"

Amma Dogo, ka iya tayar wa mutum da hankali da layi biyu. Ka ce kada in ɗauke shi wani abu. Macen da ta yi shekara tara tana jira kafin Allah ya ba ta guda ɗaya, ita za ka gaya wa haka a kan ido? Ranar ko abinci ban iya ci ba. Washegari na goye ta zuwa ɗakin shan magani na kamfani. Ma'aikacin na ta fama da wani da dutse ya faɗo wa a ƙafa, amma ya saurare ni. Na ce idon hagu. Ya ɗaga mata fatar idon ya haska 'yar tocilarsa, ita kuma tana tsala ihu tana harbinsa da ƙafa. Ya ce, "Maman yarinya, wannan ido garau yake. Wa ya ce miki da ciwo?"

Na ce, "Ƙanena ne ya gani a hoto."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To kyamarar za a kai asibiti."

Baban Kurciya shi bai yi dariya ba. Ya ce mutum ya zo gidanka ya kwana huɗu, ya koma ya aiko maka da ciwo a cikin ambulan. Kada ka ji haushi, ka san halinsa a kan yarinyar nan, ko sauro ya cije ta sai ya nemi wanda zai yi wa faɗa.

Lafiyarta lau. Sabon iyayin da ta tsiro da shi shi ne karkata kai in tana kallon abu, kamar kaza ta hango tsaba. Babanta na kwaikwayonta muna ta dariya. Ka mayar wa mutumin nan gilashinsa ya canja maka, kuma ka yi aure ka samu naka yaran da za ka riƙa tsorata mutane a kansu.

Yayarka

Alhamis, 20 ga Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Inna ta ɗan koma baya, ƙafar ta kumbura, amma ba wannan ne ya sa nake rubutu ba. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma ki karanta har ƙarshe.

Da takardarki ta zo na ji daɗi, na ce to gilashin ne. Sai na ce bari in gano wanne ne mai lahanin a cikin ukun. Na tara yaran maƙwabtanmu su shida a zauren gidanmu, na rufe ƙofa ya yi duhu kamar ɗakinku, na ɗauke su da fitila. Na sa mai tamanin da biyar, na cire na sa mai hamsin, na cire na sa mai talatin da biyar. Na ɗauki Inna, na ɗauki kaina a madubi. Hoto sama da ɗari. Duk idon da ya fito, ko ja ko baƙi. Babu fari ko ɗaya. Na koma kan hotunan Kurciya guda ukun, sai na tuna ashe biyu da mai tamanin da biyar na ɗauka, ɗaya da mai hamsin. Gilashi biyu ba za su yi ƙarya iri ɗaya a ido ɗaya ba.

Ranar Litinin na kai wa tsohon da ke wanke min hotuna ɗaya daga cikin ukun. Shekararsa arba'in yana wannan aiki, surutu gare shi kamar rediyo. Da takardar ta fito daga inji sai ya ƙura mata ido. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Malam, 'yar wa ce?" Na ce 'yar yayata. Ya ce, "Ni ba likita ba ne. Amma na taɓa wanke irin wannan sau ɗaya, na gyara idon da alƙalami na ba su don su ji daɗi. Har yau ina da-na-sani. Kar ka tsaya a nan, wuce asibitin ido." Na tambaye shi me ya faru da wancan yaron. Ya juya ya ci gaba da yanka takarda.

Talata na bar ajina na tafi. Na yi layi tun safe har azahar da hoto a hannu, ba mara lafiya. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta daɗe tana kallon hoton, ta ce, "Shekararta nawa?"

Na ce, "Biyu da rabi."

"Tun yaushe idon daman yake haka?"

Na ce, "Na hagu ne, likita. An ma duba, an ce lafiya lau."

Ba ta yi min gardama ba. Ta ɗaga hoton ta riƙe kusa da kuncinta yana kallona, ta ce, "Malam, nuna min idona na dama."

Yaya, na ɗaga yatsa, sai na ga ina nuna gefen haguna. Farin yana hagun takardar ne, amma yarinyar da ke cikin takardar ni take fuskanta. Idonta na DAMA ne. Ni na rubuta miki hagu. Ni na sa aka duba ido mai lafiya aka bar ɗayan. Ni da nake tsayawa gaban allo kullum ina yi wa 'ya'yan mutane faɗa a kan rashin lura.

Ga abin da ta ce, na rubuta a gabanta don kada in sake kuskure. Ba za ta yanke hukunci daga takarda ba. Abubuwa da dama na kawo irin wannan farin, wasu masu sauƙi ne, kamar yanar ido. Amma akwai wani ƙari da ke fitowa a can cikin idon ƙananan yara, ba ya ciwo, ba ya sa ido ja ko ruwa, shi ya sa ba a lura. In an zo da wuri ana maganinsa. Wani lokaci sai an cire idon don a tsira da ran yaron. In aka makara, yana bin jijiya ya wuce ciki. Na gaya mata maganar karkata kan da kika rubuta kina dariya. Ta ajiye biro ta ce, "A kawo ta cikin satin nan."

Ga hoton na saka. Ki riƙe shi kusa da fuskarta ki gani da kanki. Ku biyo direba ranar Alhamis mai zuwa, na share muku ɗakina. In Baban Kurciya zai zage ni, ya zo nan ya zage ni, zan tsaya in ji.

Dogo

Alhamis, 4 ga Yuli

Yaya,

Sallama. Ki yi haƙuri da rubutun. A kan bayan motar direba nake yi.

Alhamis ɗin da ta wuce tun hantsi nake tsaye a ƙofar ma'ajiyar kamfanin ina jiran in ga kin sauko da ita a goye. Har la'asar babu mota. Mai gadi ya ce bai san komai ba. Na aika saƙon waya ya fi talatin, ko ɗaya bai shiga ba. Na ce ko fushi kuka yi. Na ce ko kun tafi wani asibitin. Na ce ko wani abu ya riga ya faru kuna ɓoye wa Inna. Sati guda ina shiga aji ina rubuta lissafi, yara na gyara min.

Yau na samu direban. Ina tambayarsa amsa, sai ya dafe kai. Ya buɗe aljihun motar ya zaro ambulan ɗina, rana ta ƙona gefensa, ko buɗe shi ba a yi ba. Ruwa ya cinye gadar da ke kafin mararrabarku tun ranar da ya tashi, ya juyo, aka tura shi wata hanyar. Ya ce ƙarfen sabis ɗinku ma ya faɗi. Sati biyu, Yaya. Sati biyu takardar na kwance tsakanin tsumma da sifana, likita kuma ta ce cikin satin.

Gobe za su gwada wata hanya ta cikin rafi da aka zuba wa duwatsu. Na roƙe shi ya ɗauke ni, ya ce an hana su ɗaukar kowa daga nan sai an gama gyara, za a kore shi. Kuma Inna ba ta iya tashi ko banɗaki sai na ɗaga ta. Na ba shi takardun biyu, ya yi min rantsuwa hannunki zai saka.

Kyamarar tana ƙarƙashin gado. Na daina buɗe hoton a kwamfuta, don duk lokacin da na ƙara girmansa sai in ga kamar farin ya ƙaru, alhali na san hoto ba ya canjawa. Ita ce nake tsoron tana canjawa.

Ki fara karanta ta ashirin ga Yuni.

Dogo

Laraba, 10 ga Yuli

Dogo,

Takardunka biyu sun iso ranar Asabar, direba ya kwana a hanya. Lafiyarmu, ban san me zan ce maka a kai ba. Ka gaishe da Inna, kada ka gaya mata komai tukuna.

Na karanta a tsaye a bakin murhu har abincin ya kama. Da farko haushinka na ji, ba zan ɓoye maka ba. Na ce da kana kusa da na mare ka kamar lokacin da nake goyonka kana cizon kafaɗata. Hagu da dama, Dogo! Sannan na zaro hoton. Na taɓa ganin wannan farin. Sau biyu ko uku, in tana zaune a ƙasa hasken ƙofa ya faɗo mata ta gefe, nakan ga wani abu ya yi walƙiya a idon ya ɓace. Na ɗauka hasken ne. To ni wa zan mara?

Na kira ta na ce mu yi wasan ɓuya. Na ajiye cokali a tabarma. Na rufe mata idon dama da tafina, tana ƙyalƙyala dariya ta miƙa hannu ta ɗauke cokalin. Na mayar da shi, na rufe na hagu. Ta fara laluben iska. Ta ce, "Mama, an ɗauke wuta."

Rana tsaka, ƙofa a buɗe.

Ban san lokacin da na saki hannuna na rungume ta ba, har ta fara kuka don na matse ta.

Da babanta ya dawo na miƙa masa takardar. Ya karanta, idonsa ya tsaya a layi ɗaya bai ƙara gaba ba. Ya ce, "Cire ido. Wato ɗan'uwanki ya gama shiri da likitarsa, mu kawai kai musu 'ya za mu yi su ƙwaƙule."

Na ce, "Ba haka aka rubuta ba. An ce wani lokaci. Karanta na ƙasansa."

Ya ce, "Mutumin da bai san hagu da dama ba, shi zan bi? Jiya ya ce hagu, yau ya ce dama, gobe ya ce hanci."

Na ce to ya zo ya rufe mata idon da hannunsa ya gani. Ya ce ba zai yi ba. Na ce tsoro yake ji. Tunda muka yi aure ban taɓa gaya masa haka ba. Ya kalle ni, ya ɗauki hularsa ta aiki ya fita, alhali ya riga ya tashi daga aiki. Kwana huɗu ke nan ba ma magana sai gaisuwa. Yana cin abinci yana kallon bango. Ya daina kwaikwayon karkata kanta, in ta yi sai ya tashi ya bar ɗakin.

Ni kuma na zama kamar mahaukaciya. Duk motsin da ta yi ina bin idon da kallo. Jiya ta dafa goshi, na yar da tsintsiya na ruga ina tambayarta ko kai ne ke ciwo, ashe ƙuda take kora. Jijiyar nan da ka rubuta, tsawonta nawa? Kwana nawa abu ke yi kafin ya bi ta? Ka tambayar min likitar.

Na haɗa kayanmu a jaka na tura bayan buhun gawayi. Direba ya ce daga nan zuwa gari ba a hana iyalan ma'aikata shiga ba, amma sai da sa hannun maigida. Zan ci gaba da roƙonsa har Alhamis ta sama. In ya ƙi, zan goye ta in taka zuwa mararraba, abin da zai faru ya faru.

Yayarka

Alhamis, 11 ga Yuli, da safe

Malam,

Bayan gaisuwa. Ni ne Baban Kurciya. Yayarka ba ta san na rubuta ba, a bakin mota nake ba direba.

Ban iya doguwar takarda ba. Yau da safe tana wanka na ɗauki yarinyar na kai ta bayan tanki. Na rufe mata idon da hannuna. Na riƙe mata makullina a gaban fuska ina kaɗawa. Tana jin ƙarar, tana kai hannu wani wajen.

Na je wurin manaja. Ya ba ni hutu da ƙaramar motar ofis. Za mu taso Asabar da asuba, ba za mu jira Alhamis ba. Ka je wurin likitar ka gaya mata muna tafe, in da takardar da ake cikewa ka cike.

Na faɗi maganganu a kanka. Na san za ta gaya maka in ba ta riga ta gaya maka ba. Ka bar su a wurina.

Abu ɗaya nake roƙo. In mun shiga wurin likitar, ka shiga tare da mu. In ta yi bayani kai ka saurara ka rubuta. Ni na san ba zan ji komai ba.

Baban Kurciya

Litinin, 29 ga Yuli

Dogo,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ka ce mata na ji saƙonta, kuma na yafe mata kukan da ta sa ni ranar da za mu taho. A nan babban asibitin da likitarka ta turo mu sabis kamar ruwa, na kuma gaya maka a waya an yi aikin. Amma kana ji na kasa ƙarasa magana, kai ma ka kasa tambaya. Shi ya sa na karɓi takarda wurin wata nas. Wani mai jinya da zai koma garinku gobe zai kawo maka.

Sun cire na daman ranar Talatar da ta wuce. Babanta ne ya sa hannu. Biron ya ƙi rubutu, ya yi ta goga shi a tafinsa, nas ta miƙo wani, ya ce a'a wannan zai yi. Da suka tura ta ciki tana riƙe da ɗankwalina, sai da suka ɓamɓare yatsunta. Awa biyu da wani abu. Ban zauna ba.

Abin da ban gaya maka ba shi ne bayan aikin ma ba a gama ba. Sun ce za su kai abin da suka cire a duba ko ciwon ya kai bakin jijiyar da suka yanke. Kwana huɗu muna jira. A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata da 'yarta, su sun zo idon ya riga ya fito waje. Ba na son in rubuta maka yadda yake. Kullum da safe sai ta leƙo ta ce, "An kawo sakamakon?" In ce a'a. Ta ce, "Naku zai yi kyau, kun zo da ƙafarku." Ita ce ke lallashina, Dogo.

Shekaranjiya babban likitan ya kira mu. Ya ce ciwon ya fara taɓa jijiyar, amma inda suka yanke tas yake, bai kai can ba. Za su yi mata wani magani na ƙarin ruwa sau da yawa don kada a bar komai, zai wahalar da ita, gashinta ma zai iya zuba. Na hagun kuma lafiya yake a yanzu. Na ce, "A yanzu?" Ya ce eh, za su riƙa sa ta barci suna dubawa lokaci lokaci har ta girma, don wani sa'in yakan fito a ɗayan. In wurin ya warke za a yi mata ido na roba.

Na yi masa tambayar da na san tana cin ka, don na ga yadda kake kasa haɗa ido da ni kwana biyun da muka yi a ɗakinka. Na ce da mun zo tun farkon Yuni, da an ceci idon? Ya ce a ganinsa idon ya daina gani tun kafin a ɗauki hoton, da wuya wata guda ya canja wannan. Na ce da mun ƙara wata biyu fa? Sai ya kalli ƙofar ɗakin da muke kwance, inda 'yar matar nan take. Don haka ka bar azabtar da kanka. Kuma Inna ta ce min kana neman mai sayen kyamarar. In ka sayar, ni da kai ne.

Jiya aka bar ta ta sauko daga gado. Rabin fuskarta a naɗe da bandeji, rigar asibitin ta yi mata yawa tana jan ƙasa. Ta ƙi a riƙe mata hannu. Muna biye da ita a baya ni da babanta, kamar masu rakiyar wani babba. Ta nufi ƙofar fita baranda, ba ta ga ƙarfen da ke damanta ba, ta buga kafaɗa har ta yi baya. Na yunƙura zan ɗauke ta, babanta ya riƙe ni. Ta tsaya. Ta juya kanta gaba ɗaya har ta samu ƙarfen da idon da ya rage, ta harare shi, ta ɗaga hannu ta kai masa mari ta ce, "Matsa!"

Sannan ta wuce abinta.

Babanta ya fashe da dariya, nas ma ta yi. Yana cikin dariyar sai na ga ya jingina da bango ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa. Tun da aka fara wannan abu ban ga hawayensa ba sai jiya. Mutane na wucewa suna tsallake ƙafafunsa. Na bar shi, na bi 'yata, don ta kusa kaiwa matakala.

Ranar Laraba za a fara ƙarin ruwan. Ina jin tsoro, Dogo. Ka sa mu a addu'a, ka kuma rubuto.

Yayarka